Hannu a Cikin Tukunya

Surukata, Inna Gulizar, ba ta taɓa ganin Bahar Rum ba sai bana. Daga ƙauyenmu na bayan Konya ta hawo bas, da kwandon ganyen inabi a cinya, ta iso garin da muke zaune a bakin teku, ta tarar ya cika maƙil da baƙi. Mijina Dursun shi ke gadin kufan tsohon birni, aikin da ya daɗe yana nema kafin ya samu. Da shi muke ci muke sha.

Bakin ruwa na fara kai ta. Tana hango Turawa kwance kan yashi, jiki duk a waje, ta ja gyale ta rufe fuska.

"Innalillahi! Gobara aka yi a gidajensu ne, 'yar nan?"

"Rana suke sha, Inna."

"Mu muna gudunta, su suna zuwa nemanta? Fitar da ni daga nan."

Sai na kai ta kufai wurin ɗanta. Ginshiƙan da baƙi ke ta ɗauka a hoto ba su dame ta ba, ƙasa kawai take dubawa, tana tura duwatsu da ƙafa. Matan ƙauyenmu ba sa ganin dutse mai faɗi da nauyi su wuce, don da shi ake danne naɗin ganyen inabi mai shinkafa a ciki a tukunya kada ya warware. Ni kuwa zafi ya ishe ni, na tafi neman inuwa.

Washegari da hantsi Dursun ya dawo gida jiki a sanyaye. Hannun wani gunkin farin dutse da masu tonon kayan tarihi suka ajiye gefe ya ɓace, kuma a ranar gadinsa. Dokar ƙasarmu ba ta wasa da kayan tarihi, wanda ya ɗauka kurkuku zai je.

Da azahar shugabansa, Nejdet, ya zo har gida don ya ji ta bakinsa kafin a kira 'yan sanda. Mutumin kirki ne, shi ya tsaya masa aka ɗauke shi aikin.

"Dursun, ka tuna da kyau. Wa ya tsallake igiyar da aka kewaye wurin tono da ita jiya?"

"Wallahi, Yallaɓai, ban ga kowa ba."

Inna tana kicin tun safe, ba ta san wainar da ake toyawa ba. Ita dai ta ji muryar baƙo, kuma baƙo ba ya barin gidan da take da yunwa. Ta kinkimo tukunya ta dire tsakiyar tebur.

"Zauna ka ci, ɗana. Irin wannan ba a samunsa a otal-otal ɗinku."

Ta ɗaga murfi. Tururi na washewa, sai ga fararen yatsu kwance kan ganyen inabi, suna ƙyalli da man zaitun.

Nan take na gane hannun gunkin da ake nema ne. Nejdet ya buɗe baki ya kasa rufewa.

"Kun ga dutse?" in ji Inna cike da murna. "Ko ɗaya bai warware ba. Can na tsince shi a yashe, ba mai so." Ta juya kicin ɗauko faranti.

Nejdet ya bi bayanta da kallo, sannan ya rage murya. "Dole in faɗi wanda ya fitar da shi."

"Ni ne, Yallaɓai," in ji Dursun. "Ni na ɗauko mata."

"Ka san abin da kake faɗa kuwa?"

Dursun ya ciro makullan ƙofar kufai daga ɗamararsa ya ajiye kusa da tukunyar. Haushi ya turnuƙe ni, tausayinsa kuma ya kama ni, na rasa wanne zan yi wa kuka.

Nejdet ya naɗe hannun a tawul da zafinsa, suka fita tare da Dursun. Inna ta biyo su har bakin ƙofa, faranti a hannu, tana ɗaga murya.

"In kun gama kallo ku dawo min da shi! Gobe zan dafa wa Dursun wani ya tafi da shi wurin aiki."