Ginin Auta

Baba ya tsaya a hawa na biyu ya huta, sannan ya ƙarasa bene na uku inda autansa ke haya. Tun jiya da surukarsa ta kira shi a waya yake juya maganarta. Cewa ta yi, "Baba, ka zo ka yi wa ɗanka magana. Wata bakwai ke nan, daga ofis sai gini." Shi da ya yi shekara arba'in yana aikin magini, bai ga abin kai ƙara a nan ba. Har ya gaya wa maƙwabta cewa Auta ya fara gini.

Ita ta buɗe masa ƙofa, ta durƙusa da ƙyar saboda tsohon ciki.

"Tashi, 'yata, tashi. Ina filin yake? Da nisa?"

"Wane fili, Baba?"

"Inda ake ginin mana. Ya kai linta?"

Ta dube shi, ta nuna ƙofar ƙaramin ɗaki. "Yana ciki."

"Wa ke ciki?"

"Shi da ginin."

Baba ya tura ƙofar. Auta, mutum mai shekara talatin da huɗu, wanda ake tashi a gaishe shi a ofishin inshora, yana zaune a ƙasa da singileti, ya kewaye kansa da kwanoni cike da 'yan bulo na roba, ja da fari da ruwan toka, wasu ba su kai ƙwayar wake ba. A tsakiyar ɗakin, kan faffaɗan katako, ga tashar jirgin ƙasa sukutum, da hasumiyar agogo da gada da fitilu. A jikin bango kuma kwalaye ne jere har silin, ko buɗe su ba a yi ba.

Auta ya miƙe da sauri. "Baba! Sannu da zuwa. A hankali, kada ka taka."

"Na yaran wa ne wannan?"

"Nawa ne, Baba."

"Sayarwa kake yi?"

"A'a."

"To kwangila aka ba ka? Samfuri ne za a nuna wa masu ginin gaske?"

"A'a, Baba. Haɗawa kawai nake yi. Guda dubu tara ne, ga littafinsa, shafi-shafi ake bi."

"In ka gama fa?"

"Sai in ajiye."

Baba ya nemi kujera bai samu ba, ya zauna a kan wani kwali. Auta ya yi wata ƙara kamar an taka masa ƙafa, Baba ya miƙe zumbur.

Daga bakin ƙofa surukar ta ce, "Wanda ka zauna a kai, Baba, kuɗinsa ya fi na firjinmu. Ni ban hana shi abinsa ba. Amma saura mako uku in haihu, Mama za ta zo ta zauna da ni, kuma ɗakin nan kaɗai gare mu. Na ce ya kwashe, ya ce wai bari ya gama rufi."

"Rufin ne ya fi wuya," in ji Auta a hankali.

Baba ya sunkuya ya leƙa cikin tashar. Ga benci, ga tagar sayar da tikiti, har da wani ɗan mutum rawaya riƙe da jaka. Ya duba yadda aka sarƙe bulon, kowane a kan gaɓar biyu na ƙasansa, yadda ya kamata. Ya taɓa bangon da yatsa, bai motsa ba. Ya so ya yi faɗa, ya rasa ta inda zai kama. Ba giya ba ce, ba caca ba, ba yawon banza ba. Amma kuma ba abin da zai iya komawa ya faɗa wa maƙwabta ba ne.

"Auta, lafiyarka ƙalau kuwa? In gini kake so, me ya hana ka gaya mini?"

Auta ya sunkuyar da kai. "Na gaya maka, Baba, sau nawa. Ina ƙarami kullum sai na bi ka wurin aiki, ka koro ni. Ka ce ɗanka ba zai taɓa siminti ba, biro zai riƙe. Na riƙe biron. Shekara goma ina cika takardu, ban taɓa yin abin da zan tsaya in kalla ba."

Baba ya tuna korar sarai, kuma a lissafinsa gata ya yi wa yaron.

Da ya ga dukansu shi suke jira, sai ya yi gyaran murya. "Mai jego ta fi tasha. Yau za a fitar da shi, a kai gidana, akwai ɗakin da ba kowa. Ka riƙa zuwa can kana rufinka."

Surukar ta yi godiya. Auta ya kama gefen katakon, Baba ya kama ɗayan. Suka ɗaga a hankali, suka taka zuwa ƙofa, katakon ya daki firam ɗin ƙofar ta hagu da dama. Suka ja baya, suka juya shi, ya sake dukan firam ɗin.

"A karkata shi mana," in ji ta.

Suka ɗan karkata. Hasumiyar ta yi ƙas, Auta ya runtse ido, Baba ya yi maza ya daidaita.

"Shi ke nan, Baba," in ji Auta. "Ajiye. Bari in wargaza shi."

Suka sauke shi ƙasa. Baba ya dubi tashar ya daɗe. Sannan ya je ya shafa firam ɗin ƙofar daga sama har ƙasa, ya ƙwanƙwasa bangon gefensa yana saurare.

"'Yata, kuna da guduma?"

"Baba, gidan haya ne fa!"

"Na sani," in ji shi, yana naɗe hannun riga. "Ƙofar za mu cire, kafin la'asar zan mayar da ita. Auta, zo ka riƙe mini nan."