Kwandon Sharar Baba

Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye, bakinsa ya mutu, abu ɗaya yake roƙon 'yarsa Auta: ya nuna kwamfutarsa da hannunsa mai lafiya, sannan ya nuna hoton ɗansa, Yaya, da ke bango. Saƙonnin imel ɗin da marigayi Yaya ya yi ta aiko masa daga inda yake karatu, su yake so a karanta masa. Ita kuwa kwamfutar ta ce ba ta san zancen ba. Da an taɓa imel sai ta sandare, ta yi ta juya ɗan zobe kamar mai neman aljani.

Baba safiyo ne, mai awon filaye, kuma mutum ne da ko ƙusa ba ya yarwa. Taswirori da hotunan filaye na shekara da shekaru duk suna cikin fayil ɗin imel guda, ya kumbura har ya kasa buɗuwa. Auta ta rungumi kwamfutar ta kai wa Injiniya, wani mai gyara da shagonsa ke ƙarƙashin matakalar bene, ko'ina wayoyi da warin dalma.

"Don Allah Injiniya, kada ka taɓa masa tsarin foldoji," in ji ta. "Yadda ya jera su haka yake gane kayansa."

"Hajiya, wannan ai aikina ne. Zan kwashe tsofaffin saƙonni zuwa wani fayil, kowace folda da sunanta, a mazauninta."

Kuma ya cika alkawari, ba za a ci haƙƙinsa ba. Da ta dawo, imel ya buɗe nan take. Ga foldar kotu, ga ta gonaki, ga ta masu gardama kan iyaka, babu wadda ta gusa. Yana murmushi ya ƙara da cewa kwandon shara, wato foldar saƙonnin da aka goge, shi kaɗai ya kusa cinye rabin wurin, shi ya sa ya zubar da shi, ya matse fayil ɗin. Har godiya ta yi masa.

A nan kan bencinsa ta rubuta sunan Yaya a wurin bincike. Babu komai. Ta sake rubutawa, ta bi foldoji ɗaya bayan ɗaya. Daga ƙarshe ta kira Anti, tsohuwar sakatariyar Baba.

Anti ta ce a waya, "Auta, kin duba kwandon shara? Da can wani ya ce wa Oga abin da ke cikin kwando ba ya cin wuri. Tun daga nan duk abin da yake ji da shi, can yake ɓoyewa. Na yi magana har na gaji, kin san halin mahaifinki."

Injiniya ya ji komai. Ya jona wannan, ya gwada wancan, gumi yana bin wuyansa. Can ya cire tabarau ya ce da bai matse fayil ɗin ba da akwai dabara, kuma asusun imel ɗin da saƙonnin suka biyo ta cikinsa an daɗe da rufe shi. Auta ta so ta zage shi, ta rasa da me, don abin da ta ce shi ya yi. Ta ɗauki kwamfutar ta fita.

A gida ta tarar an jingina Baba da matashi, idonsa a kan ƙofa. Ta zauna gefen gado, ta buɗe kwamfutar, ta karkatar da ita yadda ba zai gani ba. Ta gyara murya, ta fara ƙirƙira: "Baba, ina fata kana lafiya, karatu yana tafiya daidai..."

Bai bari ta kai ƙarshen jimlar ba. Ya miƙo hannu ya rufe murfin a hankali. Leɓɓansa suka fara motsi, layi bayan layi, yana tsayawa inda ake tsayawa. Sai a lokacin ta gane ya haddace saƙonnin duka. Ta kai kunnenta dab da bakinsa, ba abin da ke fitowa sai iska.