Gaisuwar da Ta Koya wa Lauya

Tun ranar da aka ce sabon kundin tsarin mulki zai lissafa ƙabilun ƙasa, hannun wata mai kitso ya ƙara zafi a kan mutane. Daftarin ya ce ƙabila ta uba ce. Shi ke nan fa, ita da ta tashi a ɗakin marigayiya Kaka, ta sha yaren ƙabilar Kakar har tana mafarki da shi, ta zama bare, wai don uwarta ce 'yar gidan. Ɗan kawunta Lauya kuwa, wanda ko "zo ka ci" bai sani ba da yaren, shi aka zaɓa ya tsaya gaban kwamitin kundin a madadin ƙabilar. Kishi ya ci ta, kuma ba ta ɓoye ba.

Sai ga shi a shagonta, yana ɗaga ƙafa kada gashin da ke ƙasa ya manne masa a takalmi.

"Yaya, taimaka min da gaisuwa ɗaya ta yarenmu, in buɗe jawabi da ita."

"Yarenmu? Au, yau kuma har da ni?"

"Haba Yaya, ai ba ni na rubuta dokar ba."

Ta soke kibiyar kitso a gashinta, ta yi ta nanata masa jimla guda har ta zauna a bakinsa. Abin da ta koya masa shi ne: "Jama'a, yau ma na yi fitsarin kwance."

Ranar zaman kwamiti ta ƙure talabijin ɗin shago, ta bar kan wata budurwa rabi a tsefe. Zauren cike yake da 'yan ƙabilar, manya da yara, duk masu ƙabilar ta wajen uba. Lauya ya gyara murya, ya zuba jimlar tsaf, ko harafi bai ci ba. Ta dafe ƙirji tana jiran a fashe da dariya.

Ina! Sai tafi, duk zauren ba mai jin yaren. Wani dattijo a layin gaba har da share hawaye. Shugaban kwamiti ya ce a rubuta kalmomin nan, su za a sa a ƙarƙashin sunan ƙabilar.

"Anti, me ya ce ne?" in ji budurwar.

Dariya ta taso mata, ta waiga bakin ƙofa inda Kaka ta saba zama. Ba kowa a wurin sai tsintsiya. Ashe ko mai taya ta dariyar ba ta da shi.

"Gaisuwa ce," ta ce. "Sunkuyar da kanki."