Riga Shida, Ɗaya ce ta Gaske

A matsayarmu ta bakin tafkin Dal shikara, wato ƙaramin jirgin ruwa na yawon shaƙatawa, guda goma sha huɗu ke jiran baƙi, kuma duk wanda ya daɗe a sana'ar nan ya san baƙo ba ruwansa da katako, ba ruwansa da matuƙi. Katifa yake dubawa. Zai sauko daga mota da iyalinsa, ya miƙa hannu ya danna wurin zama. In ya ji laushi ya shiga, in ya ji tauri ya yi gaba ko kallonka bai yi ba.

Baba Samad Guroo ya fi mu duka iya riƙe filafili, katifarsa kuma ta fi ta kowa tauri. Audugar cikinta ta dunƙule tun zamanin mahaifinsa. Shikarata ce ke kusa da tasa, don haka ni na fi kowa cin ribar wannan tauri, kuma ba zan ɓoye ba, ban taɓa jin kunyar ɗaukar baƙin da suka tsallake shi ba.

Da kaka hukumar tafki ta fito da doka: kowace shikara sai da rigar ceto ɗaya ga kowane mazauni, da tayar ceto mai igiya, da usur, da akwatin magani. In bazara ta gabato jami'i zai zo ya duba ya manna sitika a goshin jirgi. Wanda ya faɗi sai ya jira wata guda kafin a sake duba shi, kuma wannan watan shi ne na furanni, lokacin da baƙi ke cika gari. Wanda ya rasa shi ya rasa rabin shekararsa.

Baba Samad ya sayi rigunansa shida yana ta mita. Ya ce shekara arba'in da ɗaya yana tuƙi bai taɓa jiƙa wa baƙo ko takalmi ba, yau kuma wani mai zama a ofis zai koya masa ruwa.

Da sanyi ya shigo, aiki ya tsaya, yana zaune da kaskon wuta a ƙarƙashin rigarsa ta ulu, sai ya ɗauki ɗaya daga rigunan ceton yana dannawa da yatsa. A nan shaiɗan ya same shi. Soso ne a ciki, mai kyau, irin wanda bai taɓa zama a kai ba. Ya farke biyar ya kwashe soson ya cika katifa, ya ɗura tsohuwar audugar katifar cikin rigunan. Matarsa Zoona, wadda aikinta surfani ne a kan mayafai, ta ce ba da hannunta ba. Ya yi kwana uku yana ƙin shan shayinta, sai ta ɗinke su, ɗinkin da ko mai kamfanin ba zai gane ba. Ta shidan ya bar ta lafiya, don ta zama ta nunawa.

Ni kaɗai ya nuna wa, don abin ya fi ƙarfin cikinsa.

Na ce, "Baba, auduga fa ruwa take sha."

Ya ce, "Wali, wa zai ba ta ruwan? Ni ke tuƙi. Zauna ka ji laushi, ka daina yi mini wa'azi."

Na zauna. Gaskiya akwai laushi, har na ji haushi.

Ranar dubawa muna zaton wani ƙato mai tumbi, sai ga mace, ƙarama, da tsohon ciki, tana riƙe da allon rubutu. Sunanta Nighat. Ba ta karɓi shayin kowa ba. Ta buɗe akwatin maganin wani daga cikinmu ta tarar da gurasa biyu da gishiri, ta rufe ta rubuta. Jikin kowa ya yi sanyi.

Da ta iso kan Baba Samad ya miƙe yana ranki ya daɗe, ranki ya daɗe. Ta ƙirga riguna shida. Ta ja igiyar taya. Ta ce ya busa usur, kuma da yake haƙoran gabansa sun tafi sai iska da yawu suka fito, sai a karo na uku ya yi ƙara, muka tafa masa. Sannan ta ce ya ba ta riga ɗaya. Ya miƙa ta gasken da hannu biyu. Ta jefa ta ruwa, ta sa filafili ta danna, rigar ta taso. Ta manna masa sitika.

Ya juyo ya kalle ni ya ɗaga gira. Na kawar da kai.

Da ta gama da sauranmu sai ta ce tana da wata matsayar a tsallake, kuma hanyar mota ta yi zagaye. Ta bi jiragen tana danna katifu kamar kowane baƙo, ta tsaya a kan ta Baba Samad. Ta ce bayanta na ciwo, wannan za ta shiga. Bakinsa ya ƙi rufuwa. Baƙuwar farko ke nan da sabuwar katifa ta kawo masa.

Rigar da aka gwada tana rataye tana ɗigar ruwa, don haka ta sa hannu cikin tulin ta zaro busasshiya. Ta saka, ta sassauta igiyar don cikinta. Iskar la'asar ta fara kaɗa tafkin, kamar yadda take yi kullum a wannan lokaci.

Ta ce, "Baba, taimaka ka ɗaure mini ta baya. Kar ka yi mini dariya, aikin tafki nake amma ban iya iyo ba. In babu wannan a jikina ko kusa da ruwa ba na zuwa."

Ya ɗaure. Ina kallon yatsunsa, ba su taɓa yin wannan jinkiri a kan igiya ba. Ya koma bayan jirgi ya zauna, ya tura, ya ja filafili sau ɗaya, sau biyu. Bai kai tsawon jirgi uku daga gare mu ba ya ɗaga filafilin ya ɗora a cinyarsa. Shikarar ta tsaya tana lilo.

Ya ce, "'Yata, cire rigar nan."

Ta juyo ta tambayi dalili. Ya ɗauki wata daga tulin ya jefa ruwa. Ta ɗan yi yawo a sama har na fara tunanin Allah zai rufa masa asiri. Sai ta yi duhu, ta karkata, ta sunkuyar da wuya, ta nutse a hankali muna kallo.

Ya ce, "Sauran ma haka suke, har ta jikinki. Soson kina zaune a kansa."

Nighat ta dubi katifar, ta dubi ruwan, ta dubi tsohon. Na ga dariya ta zo mata har wuya ta haɗiye ta. Ta cire rigar, ta karɓi jiƙaƙƙiyar ta saka a kan kayanta. Sannan ta miƙa hannu goshin jirgin ta sa farce ta ɓare sitikar. Ta ce wata guda, kuma sababbi biyar, ba gyararru ba. Ya ce ya ji. Tausayinsa ya kama ni, ni da zan kwashe baƙinsa duk watan.

Na yi mata tayin tawa shikarar. Ta ce a'a, wanda ya fara kai ta shi zai ƙarasa.

Tsallakar nan minti goma sha biyar ce in an yanka ta tsakiya, kuma Baba Samad bai taɓa bin wata hanya ba, yana ma yi wa masu bin gefe dariya. Ranar nan gefe ya bi, ta cikin ciyawa, inda ruwa ba ya wuce ƙugu. Muna tsaye muna hangen su kusan awa guda, yana ja a hankali, yana tsayawa duk sanda iska ta taso.