Bara, Sai Kuma Atu

Sha ɗaya ta gota, Bara'atu na zaune a shagon gyaran waya na yayanta Taufiq a Birnin Kudu, kwamfuta a cinya, tana buga ɗigo tana gogewa. Bayan azahar za ta nuna wa ƙungiyar manoma a Gwaram manhajar da ta haɗa don tura wa mambobi saƙon rabon iri. Shugabansu, Malam Badamasi, ya ce duk gyaran da suka nema a gabansu za ta yi shi, in ta kasa a ba wani ɗan Kano aikin.

Laburaren da ke tura saƙon, wato tarin umarnin kwamfuta da manhajar ke aiki da shi, ba ita ta rubuta shi ba, daga intanet ta sauke. Umarnin cikinsa sun haura ɗari, ba ta haddace ba. Editan, wato manhajar da take rubutu a ciki, shi ta dogara da shi: ta rubuta sunan laburaren, ta buga ɗigo, jerin umarni ya zubo ta zaɓa. Tun safe take saita shi, jerin ya ƙi fitowa. A ɗakin taron kuwa sabis sai ya ga dama, balle ta ce za ta leƙa intanet.

"Kashe ki kunna," in ji Taufiq.

"Sau huɗu ke nan, Yaya."

"To bairos ce. A wanke ta kawai."

Haka masu gyara suke, duk ciwon da ba su gane ba wanki ne maganinsa. Ta sake buɗe fayil ɗin saiti, ta ƙura wa layin da ta gaya wa editan inda laburaren yake ido. Adireshin ya ratsa ta folda mai sunanta. Sai ta lura rubutun kore ne har zuwa "Bara", daga "atu" ya koma fari.

Sai ta gano matsalar. Ashe ta kewaye adireshin gefe da gefe da 'yar alamar nan ta sama, irin wadda ke tsakiyar sunanta sak. Kwamfutar na isowa kan alamar da ke cikin sunanta sai ta ɗauka adireshin ya ƙare.

"Yaya, sunana ne fa!"

Taufiq ya leƙo, ya tuntsire da dariya. "Dama Hapsatu Inna ta so a sa miki. Sauya sunan foldar, ki zama Baraatu. Wa zai sani?"

"A takardar makaranta sun cire alamar, a katin ɗan ƙasa sun cire. A kwamfutata ma?"

Ta goge alamomin gefe biyun, ta sa tagwayen alamomi a madadinsu. Ta buga ɗigo. Daƙiƙa ɗaya, biyu. Jerin ya zubo har ƙasan allo.

Ba ta yarda ta kashe kwamfutar ba, rufe ta kawai ta yi ta tsare ɗan acaɓa zuwa tasha. A cikin bas, kafin su shiga Gwaram, sau uku tana ɗaga murfin tana buga ɗigo.