Raƙumin da Ba Ya Tafiya Sai a Kwamfutar Baba

"Umma, me ya sa raƙumina ba ya tafiya sai a kwamfutar Baba?" in ji Malak.

Hadizatu ta ajiye ludayi ta dubi mijinta Abdulrauf, wanda nan take ya hango wani abu mai muhimmanci a ƙasan kofin shayinsa.

Su biyu suka ƙera manhajar a gidansu na Omdurman. Yaro zai rubuta "tafi gaba, juya dama", sai raƙumi ya bi umarni a fuskar kwamfuta. Ita ta zana raƙumin, shi ya ɗauki aikin harhaɗa injin da ke karanta umarnin. A gida raƙumi har sukuwa yake. Amma da 'yarsu Malak ta tsaya gaban aji za ta nuna, sai kwamfutar makaranta ta ce ba ta ga injin ba. Yara suka sheƙe da dariya, suka laƙaba mata Mai Raƙumin Aljanu. Malamarsu Ustaza Asma'u ta ce ta sake gwadawa ranar Alhamis. Malak kuwa ta ce ita da makaranta kalas, ba ta komawa.

"A tawa yana aiki," in ji Abdulrauf.

Hadizatu ta ce, "Masha Allah, Abu Malak. Sai mu kwaso ajin nan gaba ɗaya mu zaunar da su a cinyarka."

"To ta tafi da tawa mana."

"Kai kuma ka tsallaka gada zuwa ofis a Khartum da me, da faranti?"

Da Hadizatu ta buɗe aikin ta ga abin da gwanin ya yi. Injin yana zaune daram a kwamfutarsa, manhajar leƙowa kawai take ta are shi. An tura raƙumi makaranta, an bar ƙafafunsa a gida.

Ta ɗauko tushen injin ta harhaɗa shi cikin jikin manhajar, yadda duk inda ta je tare za su je. Sau uku ta yi aikin, don makarantar kyauta aka tara mata kwamfutoci: tsofaffin Windows, Linux ɗaya, da Mac ta shugaban makarantar.

"Tamam, an gama," in ji Abdulrauf.

"Haka ka ce wancan karon."

Ta yafa mayafi, ta ja hannun Malak, suka hau rakasha mai ƙafa uku zuwa Kasuwar Libiya, shagon yayanta Alu mai sayar da tsofaffin kwamfutoci.

"Yaya Alu, ba ni wadda ta fi kowacce tsufa."

"Saya za ki yi, ko dai gaisuwa irin taku?"

"Gaisuwa ce. Kunna."

Suka bi kwamfutocin shagon ɗaya bayan ɗaya. Raƙumi ya taka a Windows, ya taka a Linux. A Mac ya tafi gaba, aka ce ya juya dama ya tsaya ƙiƙam. Malak ta fara taɓe baki. Hadizatu ta zauna kan kwali cikin zafin nan, ta gyara, ta sake harhaɗawa, har ya juya.

Ranar Alhamis Malak ta dawo tana tsalle. Raƙumi ya zagaya fuskar kwamfuta, masu dariya sun yi layi suna roƙon ta bari su gwada.

"Ai na san zai yi," in ji Abdulrauf, ya miƙa kofi a ƙara masa shayi.

Kai mai karatu, duk wanda ya ce maka "a tawa yana aiki", ko da mijinki ne ko matarka, kada ka yarda ɗanka ya tsaya gaban mutane da abin nan sai ka gwada shi a kwamfutar wani.