A Tambayi Uwa

Shekara guda da komawar mulki hannun farar hula, aka kafa kwamitin likitoci a Katsina don tsara yadda za a riƙa duba yaran da suka bugu a kai, irin waɗanda ba jini ba karaya. Dakta Rashida ce ƙaramarsu, ita aka bar wa rubutun. Shafi ɗaya ta fitar, tana gwada shi a ɗakin yara kafin zaman gobe. Layi na huɗu ya ce a tambayi uwa ko yaro ya suma, ko ya yi amai, ko ya canza hali. In ta ce a'a, a sallame shi.

Da wannan layin ta sallami Sada da hantsi. Ɗan shekara shida ne, daga katanga ya faɗo. Kakarsa Hajiya Delu ce ta riƙo hannunsa, uwar kuwa, Safiya, ta tsaya can bakin ƙofa. Da aka tambaye ta, ƙasa ta kalla ta ce, "Lafiya lau."

Bayan azahar Sista Mairo ta leƙo ofis.

"Likita, yaron nan mai ƙululu a ƙeya, wa ya ce maki bai yi amai ba?"

"Uwarsa."

"Gaban uwar mijinta? Ɗan farinta ne fa, ba ki lura ko sunanshi ba ta kama ba? Da suka wuce ni na ji tsamin amai a mayafinta. Na ɗauka ta gaya maki."

Rashida ta ajiye biro. Ita ma 'yar fari ce, har yau mahaifiyarta ba ta taɓa kiran sunanta ba. Ta san wannan tun tana goye, amma da ta zauna rubutu, littattafan makaranta kawai ta tuna.

A katin yaron an rubuta: Ƙofar Durbi, gidan Malam Yahaya tela. Ta jefa tocila a jaka ta tari tasi. Duk hanya lissafi take: awa biyar da faɗuwarsa. In jini na taruwa a cikin kan, barci zai fara, kowa ya ce hutawa yake.

Barcin kuwa ta tarar yana yi, a kan tabarma a ɗakin kakar.

"Likita da kanta? Marhabin, marhabin," in ji Hajiya Delu. "Ga mijin nawa nan, ya sha wuya ya kwanta. Kar dai a tashe shi."

Rashida ta gaishe ta a gurguje. Safiya na tsakar gida tana dauraye kwanon da tuni ya fita.

"Hajiya, ko za a samo mini ruwan randa?"

Tsohuwar ta dube ta, ta dubi surukarta, ta ɗauki moɗa ta nufi can ƙuryar gida, ba ta yi sauri ba.

Rashida ta durƙusa kusa da Safiya. "Ba kowa, daga ni sai ke. Sau nawa ya yi aman?"

"Uku." Da ƙyar aka ji ta. "Hajiya na gidan suna ya faɗo, ni na ɗauke shi. Ya jima bai motsa ba. Kullum 'Yaya' yake ce mani, amma ɗazu kallona kawai ya yi."

Rashida ta koma ɗakin ta jijjiga yaron. Shiru. Ta kira sunansa, ta ƙara jijjigawa. Sai a na uku ya buɗe ido yana ƙunƙuni. Ta haska tocila, ƙwayoyin idon biyu suka tsuke tare. Ta sauke numfashi, amma ba duka ba.

"Asibiti za mu koma, Hajiya. Yanzu. Dole a riƙa tashinsa ana dubawa."

Hajiya Delu ta ajiye moɗar ta sunkuya za ta ɗauke shi, sai ta ga Safiya ta riga ta. Ta saɓa shi a kafaɗa, fuskarta a jiƙe, ba ta kuma ɓoye ba. Tsohuwar kuwa, takalmansa ta kwasa.

Da safe Sada ya nemi koko, ya yi tsaki da ya ji ba sukari. Rashida ta shiga zaman kwamitin idonta jajur, layi na huɗu a soke da biro. A gefensa ta rubuta: a tambayi wanda ya ga faɗuwar. In uwa ce, a fitar da kowa tukuna.